Shagon Gyaran Kwamfutar da Ya Mayar Mana da Bincike a Tsofaffin Injinanmu

A makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a Anguwar Rogo akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin shugaban makaranta wanda muke kira ɗakin karatu, kuma abin da ya fi daraja a cikinsa, bayan littattafai, shi ne kwamfutoci shida na tafi-da-gidanka waɗanda wani bawan Allah ya ba mu sadaka shekarun baya. Dukkansu na hannu ne tun ranar da suka shigo. Huɗu suna ɗauke da Windows 7, biyu kuma, waɗanda suka fi tsufa, suna ɗauke da Windows XP. Manyan ɗalibanmu masu shirin rubuta WAEC da NECO su ne suka fi zama a kansu bayan la'asar, sai kuma mu malamai idan muna neman ƙarin haske a kan darasin da za mu gabatar washegari. Datar da muke amfani da ita daga karo-karon iyayen yara take fitowa, saboda haka tun da jimawa wani tsohon ɗalibinmu ya kashe hotuna da JavaScript, wato harshen umarnin da shafuka da yawa ke aikowa, a burauzar kowace kwamfuta, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, domin abin da muka saya ya kai mu ƙarshen wata. Da haka muka yi ta lallaɓawa, kuma ba mu taɓa kuka ba.

A ƙarshen watan Janairun 2025, lokacin da sanyin Jos yake sa yara su zauna a aji hannuwa cikin aljihu, sai ɗalibai suka fara zuwa mini da ƙorafi iri ɗaya. Sukan rubuta abin da suke nema a akwatin binciken Google, maimakon amsa sai wani gajeren saƙo na Turanci ya fito yana cewa a kunna wani abu, ko kuma a sabunta burauza domin wadda ake amfani da ita ta daina karɓuwa. A kan tsofaffin biyun nan kuwa, wasu shafukan ma sun daɗe ba sa buɗuwa sam. Na ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shige su. Na kai ɗaya wurare biyu a cikin gari, kuma a duka biyun amsar ɗaya ce, wato injinan sun tsufa, a jefar a sayi sababbi, kuma kowanne ya nuna mini abin da yake da shi na sayarwa kafin ma ya buɗe wadda na kawo. Shago na uku shi ne dalilin wannan rubutu. Yana hawa na biyu a wani tsohon bene, a ɗaya daga cikin lungunan da ke tsakanin Taminus da titin Ahmadu Bello. Ban nemi izinin mai shi ba, don haka ba zan ambaci sunansa ko na shagon ba, amma zan faɗi abin da na gani a wurinsa, mai daɗi da akasinsa.

Shagon ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki mutum huɗu a tsaye ba. Teburi ɗaya dogo, kantoci cike da gawarwakin kwamfutoci da ake ciro kayan gyara daga cikinsu, batirin sola a ƙarƙashin teburin, da yaron shago guda ɗaya. Mai shagon matashi ne, a ganina bai kai shekara 35 ba, kuma abin da ya fara burge ni game da shi shi ne bai ce komai a kan kuɗi ko a kan tsufan kwamfutar ba sai da ya kunna ta, ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya gwada da hannunsa. Ya yi kusan minti 20 yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce mini:

"Allah ya gafarta Malam, wannan ba ta lalace ba. Abin da take yi bara shi take yi yau. Daga can ɓangaren ne aka canja makulli."

Na ce masa, "Injiniya, fahimtar da ni yadda zan iya fahimtar da iyayen yara, domin su za su biya."

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bi diddiginsa na tarar haka yake, shi ne ainihin abin da na fi amfana da shi a wannan shago, fiye ma da gyaran. Shafin intanet iri biyu ne a taƙaice. Akwai wanda yake zuwa a shirye, rubutu ne da mahaɗai, burauza ta karɓa ta shimfiɗa maka shi. Akwai kuma wanda yake zuwa da tarin umarni a harshen JavaScript, sai kwamfutarka ta zauna ta aiwatar da umarnin nan kafin komai ya bayyana a allo. Na biyun yana buƙatar sabuwar burauza, da ƙarfin inji, da ƙarin data. Shekara da shekaru Google, wanda mu Hausawa muke wa kirari da matambayi ba ya ɓata, yana ajiye hanya mai sauƙi ga wanda burauzarsa ba ta aiwatar da JavaScript. A tsakiyar Janairun 2025 kamfanin ya rufe wannan hanya, ya wajabta JavaScript ga mai son yin bincike. Dalilin da kakakinsa ya bai wa jaridar fasaha ta TechCrunch shi ne kare shafin da masu amfani da shi daga manhajojin da ke kwasar sakamakon bincike da kansu, da sauran nau'o'in ɓarna, kuma ya ce binciken da ake yi ba tare da JavaScript ba bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba.

A kan wannan adadi nake so in ɗan tsaya, domin ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Kashi 0.1 cikin 100 shi ne ɗaya cikin dubu, kuma a baki abu ne da bai taka kara ya karya ba. Amma kamfanin da kansa ya bayyana a 2025 cewa ana yin bincike sama da tiriliyan 5 a shafinsa a kowace shekara, kuma ɗaya cikin dubu na wannan adadi biliyan 5 ne. Ko da an ce ainihin adadin bai kai haka ba, ko da an ce kaso mai yawa daga ciki na manhajojin nan masu kwasar bayanai ne, abin da ya rage mutane ne masu rai, kuma ba a rarraba su daidai a faɗin duniya ba. Sun fi yawa a inda data take da tsada, inda wuta ba ta tsayawa, inda kwamfutar da wani ya gama da ita a Turai take fara sabuwar rayuwa a hannun ɗalibi. Ban musa cewa dalilin tsaro gaskiya ne ba, musamman a wannan zamani da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke wawason duk rubutun da ke intanet. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya yanke hukunci da ma'aunin kaso cikin ɗari, to mutanen da ke can ƙarshen layi ne suke biyan kuɗin hukuncin, kuma galibi ba su ma san an yanke shi ba. Su dai sun wayi gari sun ga abu ya daina aiki, sai su zargi injinsu ko su zargi kansu.

Mai shagon ya nuna mini cewa ba a rana ɗaya aka zo nan ba. Microsoft ya daina kula da Windows XP tun Afrilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Burauzar Chrome ta tsaya a lamba 49 ga masu XP tun 2016, ta tsaya a lamba 109 ga masu Windows 7 a farkon 2023, daga nan babu sauran sabuntawa. A ƙarshen Satumban 2021 wata tsohuwar takardar shaidar tsaro da ɗimbin shafuka suka dogara da ita ta cika wa'adinta, tsofaffin na'urori da yawa suka fara ganin gargaɗi a inda a da suke shiga lafiya. A Oktoban 2021 binciken Google ya janye cikakken tallafinsa ga burauzar Internet Explorer 11, a farkon 2024 kuma aka rufe sassauƙan shafin Gmail wanda masu intanet mara ƙarfi suka daɗe suna jin daɗinsa. Da na ji wannan jerin sai na gane cewa mu dai mun yi sa'a ne da muka kai wannan lokaci.

Shawarar da ya bayar ita ce a raba kwamfutocin gida biyu. Huɗun da ke da ɗan dama-dama, ya sauke musu Windows 7 ya ɗora musu Linux, wato babbar manhajar da ake samu kyauta kuma ake ci gaba da sabunta ta, tare da sabuwar burauzar Firefox. Biyu daga cikinsu ya ƙara musu ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga gawarwakin da ke kantarsa. Waɗannan yanzu suna buɗe kowane injin bincike, har da masu wajabta JavaScript, ko da yake sai mutum ya yi haƙuri da su idan shafin mai nauyi ne. A kan wannan babu wani dogon zance, aiki ne da masu gyara da yawa za su iya in sun ga dama, kuma ya yi shi da tsabta.

Inda gwanintarsa ta fito shi ne a kan tsofaffin biyun nan masu ram gigabayit 1 kacal. Ya ɗora musu wani nau'in Linux mara nauyi mai suna antiX, wanda aka tsara domin tsofaffin injina, sannan ya sa musu Lynx. Ban taɓa ganin irin wannan burauza ba sai a ranar. Allo ne baƙi, rubutu zalla, babu hoto, babu talla mai tsalle-tsalle, babu buƙatar linzami. Da maɓallan kibiya ake tafiya: sama da ƙasa domin zaɓen mahaɗi, dama domin shiga, hagu domin komawa baya, harafin g domin rubuta adireshi, harafin q domin fita. An ƙirƙiro ta a Jami'ar Kansas da ke Amurka a 1992, wato ta girmi shi kansa Google da shekaru, kuma har yau akwai masu kula da ita, shi ya sa take iya mu'amala da tsarin tsaron shafukan zamani wanda tsohuwar burauzar XP ta kasa. Ya kuma ƙara wata 'yar uwarta mai suna Links, wadda take iya nuna hotuna idan an buƙata, domin ɗalibin da ke neman taswira ko zanen sassan jikin ɗan'adam.

Matsalar ita ce Lynx ba ta aiwatar da JavaScript ko kaɗan, ke nan duk injin binciken da ya wajabta shi a rufe yake gare ta. Nan ne ya nuna mini cewa DuckDuckGo, wani injin bincike na Amurka da aka kafa a 2008, yana da sassauƙan shafuka guda biyu da aka ware domin irin wannan yanayi, ɗaya ana kiransa lite, ɗaya kuma html, kuma dukkansu suna aiki da rubutu zalla. Ya mai da na farkon ya zama shafin da Lynx take fara buɗewa, ta yadda da zarar yaro ya kunna sai ya tarar da akwatin bincike yana jiransa. Sakamakon yana fitowa a jere da lambobi, kowanne da kanunsa da 'yan layuka biyu na bayani da adireshinsa. Ya kuma ajiye mana adireshin Mojeek, wani injin bincike na Ingila wanda yake tattara nasa kundin shafuka da kansa kuma ba ya wajabta JavaScript, domin idan wata rana ɗaya ya rufe ƙofa mu sami inda za mu juya. Wannan hangen nesa ya ƙara masa ƙima a idona, domin mai gyara da yake tunanin abin da zai same ka bayan ka bar shagonsa ba shi da yawa.

Ya kamata mai karatu ya san iyakar wannan tsari kafin ya ɗauki tsohuwar kwamfutarsa ya nufi Taminus. DuckDuckGo ya dogara ne sosai da kundin Bing, injin binciken kamfanin Microsoft, wajen samar da sakamako, kundin Mojeek kuma bai kai na manyan ba, don haka ba duk abin da ka saba gani a wani wuri za ka gani a nan ba. Samun adireshi a sakamakon bincike kuma daban, buɗuwar shafin daban. Wikipedia, har da ta Hausa, tana buɗuwa a Lynx da kyau ƙwarai, haka ma shafuka da yawa na labarai da na makarantu waɗanda asalinsu rubutu ne. Amma shafin da aka gina shi kacokan a kan JavaScript ba zai nuna komai ba face 'yan kalmomi, kuma bidiyo, da taswira mai motsi, da akasarin shafukan cike fom na rajista ko na biyan kuɗi, ba aikin Lynx ba ne. Mai shagon bai ɓoye mini wannan ba. Ya ce waɗannan biyun na karatu ne, duk abin da ya shafi rajistar jarrabawa ko banki a yi shi a kan sauran huɗun, ko a je kafe.

Ta fuskar data kuwa, bambancin a fili yake. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabayit 2, kuma mafi yawan nauyin hotuna ne da JavaScript, alhali rubutun da mutum ya je nema ƙalilan ne a ciki. Lynx rubutun kawai take ɗaukowa. Wannan ya zo mana a kan gaɓa, domin a cikin wannan watan na Janairun 2025 ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Na lura kuma da wani abu da ban yi tsammani ba, wato yaran da ke zama a kan baƙin allon nan sun fi sauran gama aikinsu da wuri, saboda babu abin da ke jan idonsu gefe. Da farko gudunsu suke yi, kowa yana son mai launi, amma yanzu akwai 'yan mata biyu da suka mai da su nasu, har suna koya wa na ƙasa da su yadda ake rubuta site:ha.wikipedia.org a gaban kalma idan ana son amsar ta fito daga Wikipedia ta Hausa kaɗai.

Sai dai shagon yana da nasa aibi, kuma zan faɗe shi saboda adalci. Na farko shi ne rashin cika alkawarin lokaci. An ce mini kwana uku, aka shafe kwana tara, na yi zuwa uku a Keke Napep kafin in karɓi duka shidan, kuma ba a taɓa kirana an sanar da ni cewa aikin bai kammala ba, sai na hau benen nake ji. Mutum ɗaya ne yake aikin komai, yaron shagon kuma bai kai a bar masa aiki ba tukuna. Na biyu, babu rasit, babu takardar da ke nuna abin da aka karɓa da abin da aka yi, sai wani littafi da ake rubuta suna a ciki. Ga makaranta irin tamu, wadda za ta yi wa iyaye bayanin kowace naira, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne, sai da na roƙa aka rubuta mini a fallen takarda aka sa hannu. Kuma takardun malamai da ya kwashe kafin ya goge Windows, ya mayar da su duka cikin jaka ɗaya a kwamfuta ɗaya, na shafe yammaci biyu ina tantance na wane ne wannan.

Kuskuren da ya fi taɓa ni shi ne na haruffanmu masu lanƙwasa. Da muka dawo da kwamfutocin makaranta, sai na buɗe wani shafin Hausa a Lynx na tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, wata alama ce daban take fitowa, kalma kamar ƙasa ko ɗalibi ta zama abin da ba ya karantuwa. A ɗakin karatun da ake koya wa yara bambancin ƙafa da kafa, wannan ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne. Na koma na nuna masa. Bai yi gardama ba, ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, laifina ne, da shafukan Turanci kawai na gwada." Ya danna harafin o, jerin zaɓuɓɓuka ya fito, ya mai da tsarin haruffan allo zuwa UTF-8, ya adana, nan take haruffan suka miƙe daidai. Aikin bai kai minti biyu ba, bai kuma karɓi ko kwabo a kansa ba. Amma abin lura ne cewa Bahaushe, a shagon da akasarin masu hawa benensa Hausawa ne, bai tuna ya gwada aikinsa da shafin Hausa ba. Duk wanda zai kai masa irin wannan aiki, ina ba shi shawara ya buɗe shafin Hausa a gabansa kafin ya biya.

Game da farashi, ya karɓi naira dubu 6 a kan kowace kwamfuta kuɗin aiki, ram ɗin da ya ƙara kuma aka yi cinikinsa daban. Jimillar abin da muka kashe a kan shidan bai kai kuɗin kwamfuta ɗaya ta hannu mai ɗan kyau ba a kasuwar yau, kuma da na ce masa na makarantar Islamiyya ne sai ya yafe kuɗin ɗaya ba tare da na roƙa ba.

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta a ajiye saboda an ce masa ta daina shiga intanet, kuma buƙatarsa karatu ce da rubutu da neman bayani, to wannan shago ya cancanci ya hau benensa, muddin ba sauri yake yi ba. Wanda kuwa aikinsa ya dogara da wata manhaja da sai a Windows take tafiya, ya faɗi haka tun daga ƙofa, domin na lura hannun mai shagon yana saurin kaiwa ga Linux. Ina kyautata zaton masu neman irin wannan aiki za su ƙaru, tunda Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshe ta tallafin Windows 10, kuma kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwanninmu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

A zuwana na ƙarshe na tambaye shi ko sassauƙan shafukan nan da ya ɗora mu a kansu za su dawwama. Ya ce ba shi da ikon yi mini wannan alkawari, domin ba nasa ba ne, amma in har suka rufe in dawo da kwamfutocin biyu ya nemo mana wata hanya. Ya rubuta maɓallan Lynx da adireshin injinan binciken biyu a bayan wani kwali ya ba ni, na sa ɗaya daga cikin ɗalibai ta kwafe su da Hausa da babban rubutu, muka manna a bango saitin teburin da tsofaffin biyun suke.